DARASI: YADDA AKE SHIRIN HAWAN DUTSEN BAGZAM



Darasinmu na wannan karo bisa tahiyar dutse ne. Mu mutanen kudu mutanen hili ne. Mun san jigawa, mun san hwadama, mun san hwako. Mutum shina iya tashi da asuba shi ci kasuwa mai nisa, shi komo gida da ƙahwa kahin isha'i. Amma dutse wani abu ne daban. Kuma mutanenmu da yawa suna zuwa Abzin. Wani aikin garka shike biɗa. Wani ɗan kasuwa ne mai sayen albasa da tahwarnuwa. Wani malamin lakkwal ne, ko ma'aikacin likita da gwamnati ta tura. Wani ko maganin gargajiya ya kai shi. Wanda ya hau dutse babu shiri shina iya baro lahiyarshi can, ko ma ranshi.

Za mu ɗauki dutse guda mu yi misali da shi, shi ne Bagzam. Abin da munka hwaɗi bisa kanshi shina da amhwani ga kowane babban dutse na ƙasa mai zahi.

INA NE BAGZAM?

Bagzam shina cikin duwatsun Abzin, a jihar Agadas, gabas maso arewa da birnin. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilometir 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Daga Tawa wajen kilometir 400 ne, ta Abalak. Daga Agadas kuma sai a bi hanyar duwatsu da rairayi, hiye da kilometir 120, zuwa Tabelot. Garin Tabelot shina gindin dutsen, wajen gabas.

Kada ku ɗauka Bagzam tsini guda ne kamar tulluwa. Ku ɗauki misalin babban akushi da anka kihe. Gehenshi tsaye shike kamar bango, bisanshi kuma shimhiɗaɗɗe ne. Tsawon shimhiɗar wajen kilometir 40 ne, hwaɗinta wajen 20. Akwai ƙauyuka a bisa, da garake, da idanun ruwa, da garken awaki. A arewacin shimhiɗar ne ƙololuwar da ta hi duka take. Sunanta Idukal-n-Tages. Tsayinta metir 2.022 bisa teku. Duk ƙasar Nijar babu wurin da ya kai ta tsayi.

Don ku gane lissahin, Yamai tana wajen metir 200 bisa teku. Maraɗi ba ta kai 400 ba. Agadas ta ɗan wuce 500. Hasumiyar babban masallacin Agadas metir 27 ce. Daga gindin Bagzam zuwa bakin shimhiɗar, hawan ya kai metir 600 ko hiye. Wato kamar a ɗora hasumiya 22 bisa juna, a ce maka bisimilla, ga kuma kaya a kai.

Masu dutsen Abzinawa ne, Kel Ewey. Ba baƙinmu ba ne. Su ne masu ayarin raƙuma da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma, su gangaro Damargu da Damagaram har Kano su sai hatsi. Don haka mazansu da yawa suna jin Hausa sarai. Tsohhinmu kuma sun san sunan wurin ta wajen doki, don dokin Bagazam ya yi suna a hwadar sarakuna. Gobirawa ma tarihinsu na baka ya ce a Abzin kakanninsu sunka zauna kahin su yo kudu.

WANE LOKACI YA KAMATA?

Wannan ita ce tambaya ta hwarko, kuma ita mutane sunka hi rainawa.

Bazara ba lokacin hawa ba ne. Daga Maris zuwa Yuni zahi shina wuce digiri 40 a gindin dutse. Duwatsun suna shan rana su riƙe ta, har da dare suna huci. Idanun ruwa da yawa sun ƙahe a lokacin.

Damina kuma tana da nata haɗari. Ruwan sama kaɗan ne a Abzin, daga Yuli zuwa Satumba shike zuwa. Amma dutse ba shi shan ruwa kamar jigawa. Duk abin da ya zuba gangarowa shike, shi taru cikin kwarin da ake ce ma kori. Kana iya zama cikin kori busasshe, rana tana bisa, babu ko girgije a kanka. Ashe an yi ruwa can nesa bisa dutse. Sai ka ji ruri kamar na kamyo, kahin ka ɗaure kaya ruwa ya iso da itace da duwatsu. A hwarkon Satumba 2009 korin Telwa ya ɓalle ya shiga Agadas, ya rushe gidaje masu yawa. In birni bai tsira ba, ina ga mutum da jakinshi? Saboda haka kada a kwana cikin kori, kada a ɗaure dabba ciki, ko da rairayin ya hi taushi. Ya hi taushi ɗin kam, shi ya sa shike ruɗin baƙo. A hau gehe, bisa tudu.

Lokacin da ya hi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. An gama girbi, ruwa bai ƙare ba cikin duwatsu, rana kuma da sauƙi. Amma sai a shirya ma ɗari.

Ga dalili. Duk metir 1.000 da mutum ya hau, zahin iska shina raguwa da wajen digiri 6. Daga Agadas zuwa ƙololuwar Bagzam hawan metir 1.500 ne. Ke nan an rage digiri 9. In da asuba Agadas tana da digiri 10, can bisa saura 1. Wani dare ma ruwa shikan daskare cikin kwano. Mutumin da ya hau cikin gumi da riga guda, ya zauna iska ta buge shi, shina iya kamuwa da ciwon haƙarƙari. A tahi da bargo mai kauri, da rigar sanyi, da sahwa, da rawani. Riguna biyu ko ukku marasa kauri sun hi guda mai kauri, don ana tuɓewa ana mayarwa gwargwadon rana. In an isa masauki a canza rigar da ta jiƙe nan da nan.

Wani abu kuma: kada ɗari shi sa ku shiga da garwashi cikin ɗaki ku ruhe ƙohwa. Iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

In tahiyar ta hwaɗo cikin watan azumi, ku tambayi malaminku hukuncin matahiyi tun a gida. In ba dole, a bari sai bayan salla.

JAGORA

Babu wanda ya kamata shi hau Bagzam shi kaɗai, ko da jarumi ne. Mutum ukku ko huɗu shi ne daidai. In guda ya ji ciwo, guda shi zauna da shi, sauran su tahi biɗar taimako.

Kuma dole a ɗauki jagora ɗan wurin. Ba wanda ya taɓa zuwa sau guda ba, wanda anka haihwa can. Bangon dutsen ba ko'ina ake hawa ba. Akwai ƴan maɓuɓɓukan hanya cikin tsagogi, nan mutane da jakai ke bi tun kaka da kakanni. Daga ƙasa duk tsagogin kamarsu guda. Wata tana kai ka bisa, wata ko sai ka yi awa biyu ka iske bango ya tare ka. Jagora ne ya san wace rijiya ke da ruwa bana, wace ta ƙahe. Wannan ba a rubuce shike cikin taswira ba.

Ku biɗi jagora ta hannun maigari ko maigidan da kunka sauka wurinshi. Ku yi jinga a gaban shaidu: kwana nawa, jaki nawa, wa ke ciyar da jakai, nawa za a ba da kahin alƙalami, nawa sai an sauko. Wanda ya iya rubutu shi rubuta a takarda. Ga amhwanin yaƙi da jahilci nan.

In kun ɗauki jagora ku ji maganarshi. In ya ce yau ba a hawa, to ba a hawa.

Kahin ku bar Agadas ku tambayi hukuma labarin hanya, don akwai lokacin da ɓarayi ke tare ta. Kowa shi riƙe takardar shaidar ɗan ƙasa. A rikicin 2007 zuwa 2009 an bizne nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin. Don haka a bi sawun da mutane ke bi, kuma duk baƙon ƙarhen da anka gani a ƙasa kada a taɓa shi, a gaya ma hukuma. Ku bar ma maigari sunayenku, da hanyar da za ku bi, da ranar komowa. Kada ku dogara ga salula. Cikin duwatsu rezo shina ɓacewa, batir kuma ɗari shina shanye shi.

LISSAHIN RUWA

A nan za mu daɗe, don a nan rai shike.

Mai hawan dutse da ɗari shina bukatar wajen litir 5 na sha a yini. Da zahi ya hi haka nesa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne da ɗari ba a jin ƙishirwa. Iskar busasshiya ce, gumi shina bushewa tun bai jiƙa riga ba, numhwashi ma shina hita da ruwa. Mutum shina ƙahewa bai sani ba. Ku duba hitsarinku. In hwari ne, lahiya. In ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan ne, jiki shina kukan ruwa. A sha kaɗan kaɗan, a kai a kai, kada a jira sai maƙogwaro ya bushe.

To mu yi lissahi. Mutum 4 da jagora, 5 ke nan. Kowa litir 5, ya zama litir 25. A ƙara litir 5 na dahuwa da shayi. Litir 30 a yini guda. Litir guda na ruwa nauyinshi kilo guda ne. Ke nan kilo 30.

Jaki hwa? A hili jaki shina ɗaukar buhu babba. A dutse kada a wuce mishi kilo 40, wato bido biyu masu litir 20, guda kowane gehe. Kun ga ruwan yini guda ya kusa cinye jaki guda. Ruwan kwana biyu ya hi ƙarhinshi. Kuma shi kanshi jakin sai ya sha, shina shan bido guda ko kusa da haka a yini in ya yi aiki.

Me lissahin ga ya koya muna? Ba a iya ɗaukar ruwan tahiya duka daga ƙasa. Ana tsara tahiya ne daga ruwa zuwa ruwa. Ku zauna da jagora tun a gindin dutse ku tambaye shi: yau ina za mu sha? Gobe hwa? In mun iske wurin ya ƙahe, ina ne na kusa, awa nawa ne? Jagoran kirki ba shi hushi da waɗanga tambayoyi.

Kada a zuba ruwa duka a mazubi guda. Bido shina hwashewa in jaki ya goga shi ga dutse, salka kuma ƙaya tana huda ta. Kowa shi rataya gorarshi ta litir 2 a jikinshi, ban da na bisa jaki. A naɗe bido da tsohon buhu, ya kare shi ya kuma sanyaya ruwan. In ruwa ya yi wuya, addini ya yarda da taimama.

Cikin duwatsu akwai tabkuna ƙanana inda ruwa ke kwanciya cikin kwarmin dutse. Abzinawa suna ce musu agelmam. Ruwansu shina da sanyi da kyan gani, amma awaki da jakai da birai duk nan suke sha. A tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tahwasa shi sosai, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa da ake samu a gidan magani. Zawo a bisa dutse babban ciwo ne, don shina ƙarar da ruwan jiki inda babu likita. A tahi da ƙunshin gishirin zawo. In babu, a haɗa: litir guda na tahwasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, da rabin cokalin na gishiri, a shahe bakin cokalin kada shi yi tozo. Kuma kada a yi wanka ko wanki da sabulu cikin agelmam. Randar mutane ce. A ɗebo a koma gehe.

GUZURI DA KAYA

A ɗauki abincin da ba shi da nauyi, ba shi lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gujiya, shinkahwa, shayi da sukari. Abzinawa suna daka hatsi da dabino da cuku, su dama da ruwa. Guzurin ayari ke nan, kuma babu kamarshi, don ba shi bukatar wuta. A bar wake a gida. Can bisa ruwa shina tahwasa tun bai yi zahin na ƙasa ba, wake sai ya ci itace da yawa kahin shi nuna, itacen kuma wuya gare shi. Busasshe kawai ake tsinta, ba a saran ɗanye. A ƙara guzurin kwana guda bisa lissahi, don tahiya ba ta cika kiyaye alkawari ba.

Takalmi shi ne rabin tahiya. Silihwas ba shi yi. Sabon takalmi ma ba shi yi, sai ya ci ƙahwa ya bar bororo. A biɗi ruhwahhe mai ƙasan roba, a yi sati biyu ana yawo da shi a gida. Sauran kaya: sanda, igiya, tocila da batir, ashana cikin leda, wuƙa, allura da zare, bandeji, maganin ciwon kai, da man shahwawa don kaushi. Kayan da mutum za shi goya kada su wuce kilo 10.

JIKI

Wanda ya saba noma shina da ƙarhi, amma hawa jijiyoyi daban shike ci. Sati ukku kahin tahiya a dinga hawa da sauka da kaya a baya. Mutanen Damagaram suna da duwatsu cikin gari. Mutanen Adar suna da tuddan Keita da Buza. Na Arewa ga Dogonduci. Wanda ba shi da ko ɗaya shi biɗi tudun rairayi.

Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa galibi sai an wuce metir 2.500 shike tasowa, Bagzam bai kai nan ba. Amma za ku ji haki hiye da yadda kunka saba. Mai ciwon zuciya, da mai hwuka, da mai amosanin jini da ake ce ma emasi, da mace mai tsohon ciki, su ga likita tukuna. Mai emasi musamman, ɗari da ƙishirwa da gajiya duk suna tada mishi ciwo.

RANAR HAWA

A hili mutum shina cin kilometir 4 a awa. A dutse sai a ƙara awa guda bisa kowane metir 300 na hawa. Misali, hanya ce ta kilometir 8, hawanta metir 600. Kilometir 8 awa 2. Metir 600 wasu awa 2. A ƙara awa guda ta hutu. Awa 5 ke nan ga tahiyar da a gida awa 2 ce. In an tashi ƙarhe 6 da rabi, da gari ya waye, sai 11 da rabi a isa.

A watan Disamba rana tana hwaɗuwa wajen ƙarhe 6, cikin tsaga kuma duhu shina riga haka. Ranar da za a je ƙololuwa a yanke lokacin juyowa tun da sahe. In lokacin ya yi a juyo, ko da ana hangen ta kusa. A dutse abin da ido ya ce ga shi nan, ƙahwa sai ta yi awa biyu.

Tahiya sannu sannu kwana nesa. Mai rauni shi bi bayan jagora, mai ƙarhi shi tsaya ƙarshe. Samari sun hi son tsere, su ne kuma ke hwara zama. A gajarta taki. In ba ka iya magana kana tahiya, ka yi sauri da yawa. Inda hanya ta matse, a bar jaki shi zaɓi wurin sa ƙahwarshi, ya hi ka sani. Kada ka tsaya ƙasa da shi, kada ka shiga tsakaninshi da rami. Ka tsaya ta wajen bango. Wanda ya turo dutse da ƙahwa shi yi kuwwa don na ƙasa su kauce.

Kada a sa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse ba a duba ba. Da sahe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A tuɓe zobe da abin hannu, a ɗaura ma gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa gidan likita mahi kusa. Kada a bar shi shi taka da kanshi in da hali.

In kun isa ƙauye ku hwara da gaida maigari. Ɗan shayi da sukari kyauta ce mai daraja a can. Ba a shiga garka sai da izini. Gida da awaki galibi na mata ne a wurin Abzinawa, wurinsu ake sayen cuku, a yi musu magana da ladabi.

Sauka ta hi hawa haɗari. Jiki ya gaji, hankali ya koma gida, tsakuwa tana zamewa, guiwa tana rawa. Ɗan kasuwa kuma ya ƙara ma jaki albasa. A ba sauka lokaci daidai da na hawa. A sake ɗaurin kaya, a ja shi baya kada shi zamo ma jaki a wuya. In kun sauko ku koma wurin maigari ku ce mishi kun komo, kada shi tada mutane biɗarku.

AIKI DON AJI

Malami shi rubuta wannan a allo. Mutum 6 za su hau dutse, har da jagora. Kowa shina shan litir 5 a yini, dahuwa tana cin litir 6. Daga gindin dutse zuwa rijiya ta hwarko kwana 2 ne. Jaki guda shina ɗaukar litir 40. Litir nawa za su ɗauka? Jaki nawa za su biɗa don ruwa kaɗai? Wanda ya gama shi sake lissahin in an iske rijiyar ta ƙahe, ta gaba kuma sai an ƙara yini guda.